Ganyen Itace Ya Yi Rawaya: Ina Ciwon Yake?

Daga kamawar hunturu zuwa faɗuwar ruwan fari, lokaci ne da masu itatuwan inuwa kan shiga damuwa. Mutum ya dasa dogon yaro a ƙofar gida, ko maɗaci a bakin kanti, ko mangwaro a harabar ofis, ya yi shekara da shekaru yana shan inuwa, ran nan sai ya ɗaga kai ya ga ganye ya koma ruwan ɗorawa, kan rassa kuwa ya bushe ƙayau. Abin da yawancin mutane kan yi shi ne su nufi kasuwa su sayo maganin feshi, ko su tula takin zamani a gindin itacen. Wani ma gatari yake ɗaukowa. Sau da yawa duk an bar jaki ne ana dukan taiki, domin ganye ɗan aike ne kurum. Mai ciwon yana can ƙasa, wajen saiwa ko ɓawon gindi, inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya an tona.

Abin kuwa ba na wasa ba ne. Buhun dawa in ya lalace a sayi wani, amma inuwar shekara ashirin ba a sayar da ita a kasuwa. Mai tireda da ke kasa kayansa a gindin itace ya san abin da zai rasa ran da itacen ya mutu. Ga kuma busasshen reshe, wanda ba ya faɗowa sai ran da iskar hadarin farko ta taso, kasuwa tana ci.

BA KOWACE RAWAYA CE CIWO BA

Kafin a ce itace ba shi da lafiya, sai a san halinsa tukuna. Kuka da rimi su kan kaɗe ganyensu da rani su tsaya tsirara, ba abin da ya same su. Gawo shi kuwa nasa halin dabam ne, da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani. Dogon yaro ya kan zubar da tsohon ganye wajen ƙarshen hunturu, ba da jimawa ba ya yi sabon toho, ya yi fure. Sabon tohon mangwaro ja yake fitowa, yana reto kamar ya yi yaushi, sai ya yi 'yan makonni kana ya yi ƙwari ya koma kore. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce. Hanya mai sauƙi ita ce a dubi sauran itatuwa irinsa a unguwa. In duk haka suke, lokacinsu ne ya yi. In shi kaɗai ne ya sake kama, to, ruwa ba ya tsami banza.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe game da saiwa. Mutane suna tsammani itace yana sha ne daga gindinsa, shi ya sa nan suke zuba ruwa, nan suke zuba taki. Manyan saiwoyin da ke gindi aikinsu riƙe itace ne kada ya faɗi. Masu shan ruwa da abinci ƙanana ne, sirara kamar zare, yawancinsu suna cikin ƙafa biyu na saman ƙasa, sun bazu har sun wuce iyakar inuwa. Kuma suna bukatar iska kamar yadda suke bukatar ruwa. Saboda haka duk abin da aka yi wa ƙasar da ke ƙarƙashin inuwa, itacen aka yi wa.

YADDA AKE KARANTA GANYE

Tambaya ta fari ita ce, wane ganye ne ya fara sakewa, tsoho ko sabo? Dalilin tambayar shi ne, akwai abincin da itace ke iya kwashewa daga tsohon ganye ya kai wa sabo in ya ji ƙaranci, akwai kuma wanda in ya shiga ganye ya zauna ke nan. Naitirojin, watau abin da ke cikin takin yuriya, yana cikin na farko. In shi ne ya gaza, tsofaffin ganyaye na ciki da na ƙasa su ke fara yin rawaya, ganyen duka gaba ɗaya har da jijiyoyinsa, na kan reshe kuwa suna nan da ɗan korensu. Manomin da ya taɓa ganin masara a gonar da ta gaji ya san wannan kama.

Sinadarin ƙarfe yana cikin na biyu. In itace bai same shi ba, sabon toho ne ke fitowa rawaya, wani lokaci har ya yi fari-fari, amma jijiyoyin ganyen suna nan kore kamar an zana su da alƙalami. Abin mamaki, ƙarfen yana nan cikin ƙasa, ba ƙarewa ya yi ba. Ƙasar ce ta yi kanwa-kanwa har ta ƙulle shi, saiwa ba ta iya ɗauka. An fi ganin haka a sababbin gidaje da ofisoshi, inda magina suka binne ɓaraguzan siminti da farar ƙasa, aka zo aka dasa itace a kai, ko kuwa inda ake zuba toka kullum a wuri guda. Lemo da itatuwan fure na ado su suka fi saurin nunawa. Mai irin wannan itace ko ya zuba buhun yuriya ba zai ga canji ba. Abin yi shi ne a tone ɓaraguzan, a daina zuba toka, a riƙa sa ruɓaɓɓen takin gida. In kuwa sabon ganye ya yi fari-fari duka, jijiya ma ba ta tsira ba, ana zargin ƙarancin farar wuta, wadda ƙasar jigawa ba ta da ita da yawa, takin sufa kuwa yana ɗauke da ita.

Wata kama kuma ita ce ganye ya ƙone daga baki, gefe da tsini su bushe su yi ruwan ƙasa, tsakiya tana kore. Wannan alama ce ruwa ba ya isa ganye. Ko ƙasa ta bushe, ko an yanke saiwa, ko kuwa gishiri ya yi yawa a ƙasa yana hana saiwa sha. Ruwan wanki mai sabulu da ake kwararawa wuri guda yana kawo haka, da fitsarin dabbobi in an kafa turke a gindin ƙaramin itace, da takin zamani in an zuba shi da yawa a busasshiyar ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ban takaici, domin mai itacen da kuɗinsa ya saya.

Yawan ruwa ma yana sa ganye ya yi rawaya ya yi yaushi, daidai da na ƙishirwa, har mai itace ya ƙara masa ruwa ya ƙarasa shi. Inda ruwa ke kwanciya iska ba ta shiga ƙasa, saiwa ta shaƙe ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta sha. Dogon yaro, duk da jimirinsa ga fari, ba ya jure kwanciyar ruwa. A tona rami mai zurfin ƙafa guda a bakin inuwa a duba. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, cikinta fari. Matacciya baƙa ce, ɓawonta yana saɓulewa a hannu, ƙasar tana tsami. In an cika ramin da ruwa aka kwana aka tarar da shi bai tsotse ba, an gano bakin zaren.

Ganyen da ya fito a murɗe, siriri, a nannaɗe, musamman a gefen da ke fuskantar gona ko bakin hanya, a tambaya ko an yi feshin maganin ciyawa kusa a ranar da ake iska.

ABIN DA YA SAMI DOGON YARO

Babu itacen da ya koya wa masana wannan darasi kamar dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu maina, wasu bedi. Asalinsa daga Indiya da Bama ne. A shekarar 1928 aka kawo shi Barno daga ƙasar da yanzu ake kira Gana, daga nan ya bazu har ya zama shi ne inuwar titi da kasuwa da makaranta a ƙasar Hausa duka. A Jamhuriyar Nijar da shi aka yi yawancin dashen da aka fara kewaye birnin Yamai da shi a 1965, da shi kuma aka ja layukan tare iska a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun daga 1975.

Masifa biyu ta auka masa a jere, kuma bambancinsu shi ne abin lura. Ta farko ta zo a tsakiyar shekarun 1980, a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi. Wani ƙwaro ne ƙanƙane, bai kai ƙwayar gero ba, a zagaye, ruwan ɗorawa, ya kan manne a ganye da ɗanyen reshe ba ya motsi, har mutum ya zaci datti ne. Tsotse ruwan itacen yake yi. Ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ya bushe kamar an babbake shi da wuta, rassa su mutu. Wannan kam ana iya kankare shi da farce a nuna wa kowa. Duk da haka an lura itatuwan da fari ya riga ya galabaitar su ne ya fi ci, shekarar 1984 kuwa kowa ya san irin farin da aka yi.

Ta biyu ta ɓullo a Nijar wajen ƙarshen 1990, aka kuma gan ta a arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi da Mali. Tsofaffin ganyaye su yi rawaya su zube, a bar dogon reshe tsirara da ɗan tukkun ganye a kansa, har masu bincike suka kwatanta shi da wuyan raƙumin dawa. Gaɓoɓin sabon toho su gajarce, wani reshe ya riƙa fid da ƙaro, sa'an nan ya bushe daga sama ya gangaro. Hankalin hukuma ya tashi ƙwarai, domin an ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, kuma in ta cinye dogon yaro babu wani itacen da zai maye gurbinsa nan da nan. Aka gayyato masana cutar itatuwa daga Amurka da Ingila, suka ɗebi ganye da ɓawo da saiwa suka auna. Ba su sami wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba. Abin da binciken ya fi karkata a kai shi ne wahalar wurin zama: ƙarancin laima a ƙasa shekara bayan shekara, ƙasa ta taurare, itatuwa sun yi cunkoso suna ƙwace ruwa da junansu da amfanin gona. Aka kuma yi nuni da cewa dogon yaron Afirka ta Yamma daga iri kaɗan ya yaɗu, kusan duk dangi guda ne, abin da ya kayar da ɗaya yana iya kayar da saura.

Da an bi ta feshi a wancan lokaci, da an zubar da kuɗi a banza. Ga dogon yaro nan har yau a titunan Maiduguri da Kano da Maraɗi. Mai lura kuma zai ga wanda ke cikin gida, kusa da inda ake alwala, yana nan lub-lub, ɗan'uwansa da ke tashar mota, inda ƙasa ta zama daɓe, ya yi wuyan raƙumin dawa.

IN RASSA SUN SOMA BUSHEWA

Reshe marar ganye ba lalle ne matacce ba. A kankare ɓawonsa kaɗan da farce ko wuƙa. In ƙarƙashin kore ne mai danshi, yana da rai. In ruwan ƙasa ne busasshe, a bi shi ana kankarewa zuwa wajen gindi har a iske inda rai ya tsaya. Nan ne wurin dubawa, domin sau da yawa a nan za a ga rauni, ko rami, ko wurin da ɓawo ya lotsa ya yi baƙi.

Sa'an nan a ja da baya a dubi itacen duka. Bushewar da ta fara daga ƙololuwa, ta kewaye ko'ina daidai, tana gangarowa a hankali shekara da shekara, maganar saiwa ce ko ƙishirwa, gama ƙololuwa ita ce nesa da ruwa. Bushewar gefe guda kuwa, a dubi ƙasar wannan gefen. Ko an haƙa lambatu, ko harsashin gini, ko ramin famfo, an datse saiwoyi? Ko an malala kwalta ko siminti? A nan mutane kan ruɗe, domin itace ba ya nunawa nan take. Ya kan yi shekara guda, ko biyu, ko uku yana cin abin da ya tara, sai bayan kowa ya manta da aikin lambatun kana ya fara mutuwa, a ce maita ce ko sammu.

Wata ƙa'ida mai amfani ita ce, ƙwaro da cuta suna zaɓen iri. Abin da ke cin mangwaro ba safai yake taɓa maɗaci ba. In aka ga dogon yaro da mangwaro da cediya da furannin bakin baranda duk sun sake kama lokaci guda a wuri guda, a bar zargin ƙwaro, a nemi abin da aka zuba ko aka yi a wurin, ko baƙin mai ne daga garejin makanikai, ko maganin ciyawa, ko ruwan kwata.

Akwai dai masu laifi na fili. Kauci shi ne babba. Tsuntsaye ne ke kai 'ya'yansa, su manna a reshe, ya tsiro ya kafa bakinsa cikin itacen yana shan ruwansa. Reshen ya kumbura a wurin, abin da ke gaba da kumburin ya rame ya bushe. Da rani aka fi gane shi, sa'ad da itace ya kaɗe shi kuwa yana kore. Fizge shi ba ya magani, sai ya sake tohowa. Reshen ake sarewa, a bayan kumburin da kamar ƙafa guda ko biyu ta wajen gindi.

Ƙaramin maɗaci yana da tasa tsutsa, mai huda kan toho ta shiga ciki, kan ya yi baƙi ya langaɓe, itacen ya yi ta rassa barkatai maimakon ya miƙe. In an tsaga tohon za a ga ramin da kashinta. Ganyen mangwaro ko lemo da ya yi baƙi kamar kunkunniya, yana danƙo, wannan baƙin ba shi ne ciwon ba. Wasu ƙananan ƙwari ne masu tsotso a bayan ganye suke zubo da darɓa, irin wadda ake gani a dawa, funfuna ta hau kanta. In an kashe ƙwarin, baƙin zai wanke da ruwan sama.

Gara kuwa ana ɗora mata laifin da ya fi nata. Gaskiya ne tana cin saiwar ɗanyen dashe, musamman turare, har ya bushe a tsaye cikin 'yan kwanaki. Amma a babban itace yawanci matacce take bi. Ganinta a jikin reshe alama ce reshen ya riga ya mutu, sai a nemi abin da ya kashe shi.

A SUNKUYA A DUBI GINDI

Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake gangarawa zuwa saiwa. In aka cire ɓawo aka kewaye gindi, saiwa za ta mutu da yunwa, itacen ya bi ta, ko da ya yi wata da watanni yana kore. Maɗaci ya fi kowa shan wannan wahala a hannun masu sassaƙe don magani. Awaki su kan yi wa ƙananan itatuwa haka, da wayar shanya ko igiyar rumfa da aka ɗaura aka manta har ta nutse cikin jiki, da wutar shara da ake hurawa a gindi kowace safiya. Mai sassaƙen da ya ɗebi gefe guda kaɗan ya bar saura, itacen zai rufe raunin. Wanda ya kewaye, kisa ya yi.

Itacen da aka dasa bai wuce shekara biyar ba, ya ƙi gaba ya ƙi baya, a tone gindinsa a gani. Sau da yawa za a tarar ba a cire ledar reno ba, ko saiwa ta nannaɗe tun tana cikin leda ta shaƙe kanta, ko an binne shi da zurfi. Lafiyayyen gindi ya kan buɗe kaɗan inda ya haɗu da ƙasa. Wanda ya shiga ƙasa sambal kamar turken waya, an binne wuyansa, sai a janye ƙasar.

Abu guda ne in an gani ba a jira. Wani irin naman kaza ne mai tauri, kamar rabin faifai, samansa ja-ja ko ruwan ƙasa, ƙarƙashinsa fari, ya kan fito manne a gindi ko a kan babbar saiwa. Fitowarsa tana nuna cikin itacen ya daɗe yana ruɓewa. Kakkarya shi ba ya tsai da ruɓar, babu kuma maganin da ke mayar da ruɓaɓɓen itace. Irin wannan yana iya faɗuwa da korensa. In yana kan ɗaki, ko rumfar kasuwa, ko filin makaranta, a kira malamin daji ya duba kafin damina.

ABIN YI

In bincike ya nuna ƙishirwa ce da taurin ƙasa, a sassauta ƙasar a hankali, ba da zurfin da zai yanke saiwa ba, a yi ɗan gurbi a kewayen bakin inuwa, a ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, ya ratsa ƙasa sosai. Wannan ya fi yayyafin kowace rana, wanda ba ya wuce inci guda. A shimfiɗa busasshen ganye ko ruɓaɓɓen taki a rufe ƙasar, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindi. Ganyen da ake sharewa ana ƙonewa kullum, shi ne abincin itacen. A hana motoci tsayawa a ƙarƙashi in da hali. Takin zamani kuwa a dakata da shi sai ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa.

Matattun rassa a sare su har zuwa inda rai yake, da kaifin zarto ko adda, dab da kumburin da ke mahaɗar reshe, ba tare da an shafe kumburin ba, gama daga nan ne sabon ɓawo ke rufowa. Kada a bar dungu. Shafa baƙin mai ko fenti a wurin sara al'ada ce da bincike ya nuna ba ta hana ruɓa. In reshen yana fid da ƙaro, ko an ga baƙin zane a cikin itacen bayan an sara, a wanke ƙarfen da ruwan bilic kafin a taɓa wani itace, a kwashe rassan a ƙone su nesa.

Itacen da fiye da rabin kansa ya mutu da wuya ya koma yadda yake. Amma dogon yaro da malaina suna da wani hali, in saiwarsu lafiya take, ko an sare su ƙasa su kan yi sabon toho daga kututture, a zaɓi mai ƙarfi guda a bari. Inda ruɓar saiwa ta kashe itace kuwa, a tone kututturen duka, kada a sa sabon dashe a ramin.

Wanda abin ya shige masa duhu ya je wurin malamin daji ko malamin gona, amma kada ya tafi da busasshen ganye guda a aljihu, ba abin da za a karanta a jikinsa. Ya yanko reshe mai tsawon kamu guda daga inda matacce ya haɗu da mai rai, da ganye tsoho da sabo, da 'yar saiwa da ƙasarta, ya naɗe a takarda ya kai a ranar. Ya kuma tafi da amsar abin da za a tambaye shi: shekarun itacen, watan da abin ya fara, gefen da ya fara, da aikin da aka yi kusa da shi cikin shekara uku da suka wuce.